A Tambayi Dokin Kafin A Yi Wa Mahayi Kirari

 Shekaranjiya a teburin mai shayi wasu samarinmu suka haɗa manhajoji biyu na darar ces, ɗaya a tsohuwar waya, ɗaya a sabuwar kwamfuta. Ta kwamfuta ta ci, aka yi ta ihu, mai waya ya biya wa kowa shayi. Ni dai na ce an cuce shi, kuma har yau ban janye ba.

Haba jama'a! Manhaja mahayi ce, na'ura ita ce doki. In gwanintar mahayi ake son gani a sukuwa, wa yake ba ɗaya ingarma ya ba ɗaya jaki? Na'ura mai ƙarfi tana ba manhaja damar hango wasa da nisa cikin daƙiƙa guda, shi ke nan.

Kuma ba yaranmu ne farau ba. A Disambar 2017 kamfanin DeepMind ya sanar cewa AlphaZero ta kara da Stockfish 8 sau 100, ta ci 28, canjaras 72, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Duniya ta ɗauka. To amma fa an ƙayyade minti ɗaya ga kowane motsi, an hana Stockfish kundinta na buɗe wasa, an ba ta ma'ajiyar lissafi gigabait 1 kacal, ita kuwa AlphaZero tana kan na'urorin TPU 4 na Google. Tord Romstad, ɗaya daga cikin maginan Stockfish, ya yi ƙorafi. Da aka gyara sharuɗɗa a 2018, cikin wasa 1,000 AlphaZero ta ci 155, aka ci ta 6. Ta fi ƙarfi, na yarda, amma sai a karo na biyu maganar ta zauna.

Wani zai ce ai irin waɗannan ba sa hawa na'ura iri ɗaya. Gaskiya ne, shi ya sa ake bayyana abin da kowa ya hau tun kafin a fara. A gasar TCEC ma kowane buɗin wasa sau biyu ake buga shi, mai farare ya koma baƙaƙe.

Ku kuwa samari ba ku da wannan uzurin, manhajojinku duka suna hawa kwamfutar nan. Ranar Juma'a bayan la'asar a ɗora su a kanta, lokaci ɗaya, wasa 10, ana musayar launi. Kafin nan, a mayar wa yaron nan kuɗin shayinsa.