Sukari Ba Aron Turanci Ba Ne

A teburin mai shayi a New Bell, unguwar da Hausawan Duwala suka daɗe da zama, abu ɗaya yana amsa suna uku: sukari a bakin dattawa, suga a bakin masu buroka, "sucre" a bakin masu Faransanci. Ɗalibai kan jefa sukari cikin jerin aron Turanci. Kuskure ne, domin yana shafe sawun fatake da malamai daga tarihin harshen.

Ita kanta kalmar "sugar" baƙuwa ce a Ingila. Ta shiga a ƙarni na 13 daga tsohon Faransanci, wanda ya samo ta ta hanyar Italiya daga Larabci, "sukkar". Larabawa, waɗanda suka kai noman rake Sisili da Andalus, sun karɓo ta daga Farisanci, "shakar". Tushenta kuwa "sharkara" ce ta harshen Sanskrit, mai ma'anar tsakuwa.

Hausa ba ta jira Turawa ba: daga Larabci ta ɗauka, kamar albasa da alƙalami, ta rufe kalmar da wasali bisa ɗabi'arta. Suga ce aron Turanci. Abin lura kuma, sukari ya yar da harafin ta'arifin Larabci, wanda Sifaniyanci ya riƙe a "azúcar".