'Yar Bishiyar Da Ta Ƙi Tsufa

Akwai wani ɗan fim na zane da Amurkawa suka shafe shekaru suna zaman jiransa duk watan Disamba, wato A Charlie Brown Christmas. Tashar CBS ce ta fara nuna shi a 1965. Bai cika rabin awa ba, zanensa kuma ba wani abin a zo a gani ba ne, don cikin wata shida Bill Melendez da mutanensa suka haɗa shi a gurguje. Manyan tashar ma da suka kalla sun ɗauka an yi asara. Yau ga shi jikokin masu kallonsa na farko suna kallo.

A ganina, rashin ƙyale-ƙyale ne ya raya shi. Charles Schulz, mai labarin, ya ƙi yarda a ɗora dariyar nan ta ƙarya da ake sakawa a wasannin barkwanci. Yara ne suka yi muryoyin, har da wadda ba ta iya karatu ba, sai a faɗa mata ta maimaita. Labarin ma ɗan kaɗan ne. An aiki yaro sayen bishiyar Kirsimeti, ya tsallake na alminiyo masu walƙiya, ya ɗauko wata 'yar ramammiya wadda ƙwallon ado guda ya sunkuyar da kanta ƙasa. Duk wanda aka taɓa rainawa ya san bishiyar nan.

Haka wani fim ɗin Kirsimeti, Rudolph na 1964, wanda aka ɗauka a Tokyo ƙarƙashin Tadahito Mochinaga. 'Yan tsana ne: a ɗan motsa ƙafar tsana, a ɗauki hoto, a sake motsawa, a sake ɗauka, kafin a tara taku guda. Kana kallo kana jin hannun mutum a jikin aikin.

Sai kuma jira. A da sau ɗaya ake nunawa a shekara, wanda ya makara sai baɗi. Mu da muka taso muna ɗokin tashe a azumi mun san daɗin wannan. Da yara za su riƙa yin tashe kullum, wa zai leƙo ƙofar gida?

Tun 2020 kamfanin Apple ya karɓi fim ɗin Charlie Brown, ana iya kallonsa ko a watan Yuni. Fim ɗin na nan yadda yake, daren da gida guda ke haɗuwa gaban talabijin ne ya yi wuyar samu.