Tsungulin Fatar Kare Ba Wasa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa lura da doki ko saniya a lokacin damina ya san yadda fatar gadon bayansu ke karkarwa idan ƙuda ya sauka a kai. Dabbar ba ta yin shawara kafin ta yi haka. Wata siririyar tsoka ce shimfiɗe a ƙarƙashin fata ke tsukewa da kanta. Kare ma yana da ita, kuma likitocin dabbobi sun mayar da wannan motsi ma'aunin gano inda laka ta samu rauni. Abin takaici shi ne yadda masu karnuka da yawa ke raina gwajin, suna ganin idan ba a ɗauki hoton ƙashi ba, likita bai yi aikin komai ba.

Likita kan sa hantsaki ya tsunguli fata a gefen ƙashin baya, ya faro daga wajen ƙugu, yana matsawa gaba kaɗan-kaɗan zuwa kafaɗa. Saƙon tsungulin yana shiga laka, ya haura har gindin wuya, wato mahaɗar ɓangare na 8 na lakar wuya da na 1 na lakar ƙirji. Daga nan wata jijiya ke fita ta umarci tsokar ta tsuke. A lafiyayyen kare, tsunguli a gefe guda kan sa fatar dama da ta hagu su motsa tare. Idan kuwa laka ta lalace a tsakiyar baya, saƙon da ya taso daga bayan raunin ba zai samu hanyar wucewa ba, sai fata ta yi shiru. Da zarar hantsaki ya iso inda fata ta fara amsawa, likita ya san raunin na nan gaba da wurin da kimanin gaɓa 2, domin jijiyoyin fata kan karkata baya bayan sun fito daga laka.

Kare yana da gaɓoɓin ƙashi 7 a wuya, 13 a ƙirji, 7 a tsatso. Wanda bai san gaɓar da zai nufa ba, ko an ba shi na'ura lalube zai yi, ga asarar kuɗi. Bugu da ƙari, hoton ƙashi ba ya nuna laka kanta, na'urar MRI da ke nuna ta kuwa ba kowane asibitin dabbobi ke da ita ba. Alal misali, karen farauta da mota ta buge, ƙafarsa ta gaba tana reto: idan aka tsungule shi ko ta wane gefe, fatar gefe ɗaya kaɗai ke motsi, to alama ce jijiyoyin hammatar ɗaya gefen sun tsinke daga tushe. Hoton ƙashi zai iya fita lafiya lau, alhali ƙafar da wuya ta koma aiki.

Masu sukar gwajin suna da tasu hujja, domin yana nuna wuri ne kawai, ba ya faɗin ko karaya ce, ko ƙari, ko faifan guringuntsi ne ya zame. Motsin kuma kan ɓuya a kare mai ƙiba sosai. Wannan dalili ne na haɗa shi da sauran gwaje-gwaje, bai kai a yi watsi da shi ba.

Malaman sakandare ma suna da rabo a nan. Charles Sherrington, masanin Ingila da ya samu lambar Nobel a 1932, ya gina da yawa daga bayaninsa na 1906 a kan yadda kare ke susa idan an taɓa fatar bayansa. Darasin da ake ƙarewa a zanen hannu da wuta bisa allo zai fi zama a kan ɗalibi idan an kai shi gaban doki ya ga fata na korar ƙuda. Sai dai kada a bar ɗalibi ya gwada tsunguli a kan karen da ƙafafunsa suka shanye. Ciwon haukan kare yana zuwa da shanyewar jiki ba tare da hauka a fili ba, kuma kare mai jin zafi kan ciji ko da uban gidansa ne. Shi ya sa likita kan tambayi tarihin allurar rigakafi, ya sa wa kare takunkumi, sannan ya ɗauki hantsaki.