Kifin Teku a Gidan Kazaure

Akwai wani ɗan kifin teku, bileni, wanda galibinsa bai wuce tsawon yatsa ba, yana maƙalewa a ramukan duwatsu yana kiwon gansakuka, Turawa kuwa suna ajiye shi cikin akwatin gilashi domin nishaɗi. Wanda duk ya yi sha'awar kawo shi Kazaure, ko Ɓaɓura, ko Roni, ko Gwiwa, alhali tsakaninmu da teku ya haura kilomita 800, lalle ne ya san cewa sai ya narka gishirin teku na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita, ya tsare sanyin ruwan a wajen digiri 25 ko da bazara ta kai 40, kuma injin motsa ruwa ya kwana yana aiki, ga halin lantarkinmu kuwa ba ɓoyayye ba ne.

A ganina barinsa ya fi dacewa. Malaman fiƙihu sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita da kiyaye haƙƙinta, wanda kuwa ya tsare halitta inda ba zai iya raya ta ba, haƙiƙa ya ɗauki alhaki. In dai sha'awa ce, ga karfasa da tarwaɗa nan a dam ɗin Kazaure, sun saba da ruwanmu da zafinmu.