Lambar girma ba ta biyan kuɗin makaranta

A shekarar 1944 ƙasashe biyu suka nuna wa duniya irin sakayyar da suke yi wa sojan da ya yi musu yaƙi. Ran 22 ga watan Yuni, shugaba Roosevelt na Amurka ya sa hannu kan dokar da aka sani da G.I. Bill: duk sojan da ya dawo yana son karatu, gwamnati za ta biya masa makaranta, ta kuma ba shi kuɗin abinci kowane wata. Kafin shirin ya ƙare a 1956, fiye da tsofaffin sojoji miliyan 2 sun shiga jami'a, ko da yake a kudancin ƙasar wariya ta hana baƙar fata da yawa cin moriyarsa. Ran 1 ga Disamba kuwa, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka ta Yamma da suka fito daga hannun Jamus suna neman bashin albashinsu. Wani rahoton soja ya ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi na maganar ɗaruruwa.

Wulaƙancin bai tsaya nan ba. A Disamban 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, har da ƴan Nijar da suka yi mata yaƙi a Turai da Indochine da Aljeriya. Sai da wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, kuma ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai 2011, bayan akasarin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Zagin Faransa kan wannan abu ne mai sauƙi, amma laifi tudu ne. A Inates, cikin Disamban 2019, sojojin Nijar 71 suka kwanta dama. A Chinagodar, wata guda bayan haka, 89. An yi zaman makoki, an sassauta tuta, an yi jawabai. To waɗanda suka tsira da rauni fa, da marayun da aka bari? Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin, ya fita da ƙarfinsa amma ba takardar da ma'aikata za ta karɓa, sau da yawa gadin ƙofar wani attajiri ne makomarsa.

Za a ce baitulmali ba kuɗi. Binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya fito fili a 2020, ya nuna kusan miliyar 76 na sefa sun salwanta wajen cinikin makamai, ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba su iso ba. Ƙasar da ta iya asarar wannan ba ta da bakin cewa kuɗin karatun kurtu ya fi ƙarfinta. Za a kuma ce soja ya tsufa da zaman aji. Gemu ba ya hana ilimi, kuma wanda ya gyara mota a hamadar Agadez ko ya ɗaure rauni a Diffa ya riga ya yi rabin karatun injiniya ko na asibiti.

Jami'o'in suna nan: Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa. Abin da ya kamata shi ne doka rubutacciya wadda ba ta dogara da alherin wani shugaba ba: gurabe keɓaɓɓu ga wanda ya gama aiki da mutunci, jarrabawar shiga ta musamman ga wanda bai da BAC, kuɗin tallafi kowane wata, kuma haƙƙin ya koma ga ƴaƴan wanda ya mutu a fagen daga. Ƴan kasuwa da ke safarar kaya bisa hanyoyin da waɗannan samari ke tsaro, da ma'aikatan da ake yanke wa haraji daga albashi, su ne ya wajaba su fara neman wannan doka, domin da kuɗinsu za a biya.