Sakkwatawa na ɗauke da sunan garinsu, amma wa ke riƙe da tarihinsa?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega zai ga kamar yana karanta jerin sunayen manyan mutane: Bodinga, Shagari, Tambuwal. Dalili shi ne wata al'ada da ta yi ƙarfi a wannan yanki, inda mutum ke ɗaukar sunan garinsu ya liƙa a bayan nasa.

Al'adar ta samu gindin zama a makarantun boko na zamanin Turawa. Aji ɗaya zai cika da Muhammadu da Abubakar da Usmanu, sai a bambanta su da garin da kowa ya fito. Ta haka ɗan Magajin Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya zama Shehu Shagari. Da ya hau shugabancin Najeriya a 1979, sunan ƙaramin garin ya shiga bakin duniya. Can aka mayar da shi aka binne bayan rasuwarsa a watan Disamban 2018.

Abin alfahari ne. Sai dai ɗaukar suna ba shi da wuya, riƙe abin da ya ba sunan daraja shi ne aikin.

Misali mafi girma yana ƙaramar hukumar Bodinga, wato Sifawa. A nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya baro Gwandu, yana karantarwa yana rubuce-rubuce, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Yana Sifawa ne a 1812 ya raba ragamar daula, yamma ga ƙaninsa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Shi kansa Abdullahi ya zauna a Bodinga. Ke nan tsarin da ya haifi Sakkwato da Gwandu a wannan ƙasa aka shimfiɗa shi.

Duk da haka, masu ziyara daga ko'ina Hubbaren Shehu suka fi sani. Su yi addu'a su juya, da yawansu ba su san akwai Sifawa kusa ba.

Wani zai ce a lokacin da ake fama da tsadar abinci da matsalar tsaro, wa ke ta tarihi? Gaskiya ne, amma abin da ake nema bai kai kuɗin gina gada ba. Allo a bakin hanya da Hausa da ajami. Ɗaukar muryoyin dattawan da suka gaji labarin wuraren, a adana a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Kai ɗaliban makarantun Bodinga da Shagari ziyara ko sau ɗaya a shekara. Gini idan ya rushe ana iya tayar da shi, dattijo idan ya tafi da abin da ya sani, ya tafi ke nan.

Kuma ba sai an jira gwamnati ba. Lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa da 'yan siyasar da ke sa hannu da Bodinga ko Sifawa ko Shagari a ƙarshen sunansu, su ne na farko da nauyin ya hau. Garin ya ara musu suna, lokaci ya yi da za su biya bashi.