A Rufe Akurki Da Magariba

Kwanan baya mun sauka wani ƙauye can arewa domin duba makaranta, sai muka tarar da babban malami ransa a ɓace. Da muka tambaye shi abin da ya faru, ya ce maƙwabciyarsa ce, wata tsohuwa wadda mijinta ya rasu, ta wayi gari ta ga an gina rami ta ƙarƙashin akurkinta. Kaji 7 ta kwana da su, 3 suka rage, su ma don bisa katanga suka kwana. Sawun da a ka gani a bakin ramin na yanyawa ne. Kajin nan kuwa su ta ke tattali domin ta sayar ta ɗinka wa jikanta kayan makaranta, ta saya masa littattafan rubutu. Ran nan yaron bai zo aji ba, yana gida yana taya kakarsa baƙin ciki.

Wataƙila wani ya ce, a kan kaza za a ɓata shafin jarida? To, wanda ya faɗi haka albashi ya ke jira ƙarshen wata. A ƙauye kaza ita ce asusun mace. In yaro ya kwanta ciwo ita a kan kama a kai kasuwa a sayo magani, in baƙo ya sauka ita ce mutuncin gida, in Salla ta zo ita ce miya. Kazar gida ta kan yi ƙwai kamar sau 3 a shekara, kowane zubi 10 zuwa 15, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Ɗan tsako kuwa sai ya yi wajen wata 6 kafin ya isa yanka ko ya soma ƙwai. Saboda haka wanda a ka kashe wa kaza uwa, wahalar rabin shekara ce ta salwanta a dare guda.

Ra'ayinmu a kan wannan magana shi ne, yawancin irin wannan hasara muna iya hana ta, kuma alhakin hanawar yana wuyanmu, mu malaman makaranta da akawuna, waɗanda a ke kallo a ke koyi da su.

Da fari ya kamata mu san abokin gaba. Yanyawa 'yar ƙaramar dabba ce, nauyinta bai cika wuce kilo 3 ba, launinta kamar rairayi, kunnuwanta manya, ƙarshen wutsiyarta baƙi. Tana zaune a ƙasashen bakin Sahara tun daga Sanagal har Sudan, watau har da arewacin Nijeriya da ƙasar Nijar da Cadi. Gwanar gini ce, don ramin da ta ke kwana ciki da iyalinta ya kan kai tsawon ƙafa 40 ko fiye. Da rana tana ɓoye, sai dare ya yi ta fito. Dabbar da ta iya gina rami irin wannan, ina ƙasan akurki zai gagare ta? Dila kuma, wanda tatsuniya ke kira malamin daji, ya fi ta girma da ƙarfi, shi ma da dare ko da asuba ya kan zagayo bayan gari.

Amma fa ba kowace hasara ce ta yanyawa ba, kuma kowane ɓarawo da maganinsa. Wanda ya wayi gari da ɓarna ya tsaya ya duba kafin ya share wurin. In ya ga rami da sawu da gashin kaza a warwatse, an tafi da kazar ɗungum, galibi yanyawa ce ko dila. In an ci kai da wuya an bar gangar jiki, sai a zargi muzuru ko tunku. In 'yan tsaki ke raguwa ɗaya ɗaya da rana tsaka, aikin shirwa ne ko shaho. In ƙwai ke ɓacewa babu ɓawo, a nemi maciji. In kuwa babu gashi, babu jini, babu rami, ƙofa kuma a buɗe, to, wannan ɓarawon ƙafa biyu gare shi, maganarsa ta mai unguwa ce.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu dubi akurkinmu da idon gaskiya. Ɗan ginin laka ne, ƙasansa turɓaya, ƙofarsa tsohon faifai ko guntun kwano da a ka jingina da dutse. Wani gidan ma babu akurkin, kaji na kwana bisa reshe ko gindin rumbu. Wanda ya bar dukiyarsa haka, sa'an nan ya wayi gari yana zagin naman daji, bai yi wa kansa adalci ba. Yanyawa abinci ta fito nema, ta kuwa samu an ajiye mata.

Gyaran ba shi da wuya. Abu na farko ƙasan akurki. A shimfiɗa duwatsu a yi daɓe mai ƙarfi, wanda ya ke da hali ya sa siminti. Ko kuwa a ɗaga akurkin bisa ƙafafu kamar yadda mu ke ɗaga rumbu, ya tashi ƙafa 2 ko 3 daga ƙasa, a yi masa bene na katako marar kafa. Wanda ya kewaye wa kajinsa fili da ragar waya, ya lanƙwasa gindin ragar ya shimfiɗa ta waje kamar ƙafa ɗaya da rabi, ya danne da duwatsu ya rufe da ƙasa. Dalili kuwa, dabba mai gini a gindin shinge ta kan soma, in ta ci karo da waya sai ta matsa gefe, ba ta cika ja da baya ta soma daga nesa ba.

Abu na biyu ƙofa. A yi ta da katako, a sa mata sakata. Ƙananan tagogin shan iska wajibi ne, don kaji na mutuwa da zafi, amma a rufe su da raga mai ƙananan idanu, wadda idonta bai wuce rabin inci ba, saboda maciji da gafiya. A sa sanda a gicciye a ciki inda za su hau su kwana. A riƙa sharewa ana barbaɗa toka saboda ƙuma.

Abu na uku, wanda ya fi duka, kuma ba ya cin ko kwabo, shi ne lokaci. Kaza da kanta ta kan nemi makwanci in rana ta faɗi. Abin da ya rage mutum ya ƙirga su, ya ja sakata. A ba yaro guda wannan aiki, ya zama nasa, kafin a kira sallar magariba, kada kuma a buɗe sai gari ya waye tangaran. Akurkin siminti da ƙofarsa ke buɗe bai fi reshen itace ba. Har wa yau a sassabe ciyawar bayan gida, a daina zubar da hanji da ƙasusuwa kusa da danga, don warinsu ke kiran baƙin dare. 'Yan tsaki kuma a kife su da babban kwando tare da uwarsu a inuwa har su yi mako 5 ko 6, ana ba su tsaki da dusa da gara da ruwa mai tsabta. A makonnin nan ne shirwa ta fi yi mana ɓarna.

Mun san abin da waɗansu za su ce: me ya sa ba za a kashe su a huta ba? Mu dubi Ingila. Can akwai wata irin yanyawa ja, wadda ta fi tamu girma. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna farautarta da dawaki da karnuka, har majalisarsu ta yi dokar hana irin wannan farauta a 2004, duk da haka ba su ƙarar da ita ba, ga ta nan har cikin birnin Landan. In an kashe guda, wata ta kan zo ta gaje wurinta, muddin abinci na nan. Masu kiwon kaji a can sun gane dogaronsu ga shinge da sakata ya ke. Ban da haka, yanyawarmu tana cin ɓeraye da fara da sauran ƙwari, watau da dare tana yi wa manomi aikin da bai biya ba. Wanda ya ƙarar da ita ya buɗe wa ɓera rumbu.

Wanda ya fi muni shi ne guba. Mun ji ana cusa maganin ƙwari cikin mushen kaza a jefar bayan gari. Jama'a, wannan babban ganganci ne. Guba ba ta tambayar sunan wanda ya ci. Karen maƙwabci zai ci, kyanwa za ta ci, yaro ƙarami yana iya taɓawa ya kai hannu baki. Ungulu ma za ta ci, ita da ke share mana mushe kyauta, wadda ta yi ƙaranci har ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa ta cikin masu gab da ƙarewa a 2015. Kada don kaza guda mu jawo abin da za mu yi da-na-sani.

To, in ɓarnar ta riga ta auku fa? Kazar da a ka tarar ta mutu mushe ce, ba a ci, ba a sayar wa mai tsire. A binne ta da zurfi ko a ƙone, don in an yar a juji an gayyaci ɓarawon ya komo. Wadda ta ji rauni a wanke mata da ruwan gishiri, a ware ta, don 'yan'uwanta su kan tsattsagi jini. Waɗanda suka tsira su kan firgita su tsai da ƙwai kwana kaɗan, kada a yi gaggawar yanka su. A toshe ramin ran nan ran nan, don wanda ya ci jiya zai komo yau. In kuwa dabbar ta ciji mutum, ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a tafi asibiti nan da nan, don dila da yanyawa suna iya ɗaukar ciwon haukan kare, shi kuwa in ya bayyana ba shi da magani.

Sa'an nan a lura kada a ɗora wa naman daji laifin cuta. In kaji na mutuwa babu rauni, suna zawo, wuyansu na murɗewa, musamman da hunturu, wannan annoba ce wadda likitoci ke kira Niyukasil. Ita kan share gari guda, abin da dila bai taɓa yi ba. Ma'aikatar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda a ka kafa a 1924, tana yin maganin rigakafinta, sai a nemi malamin dabbobi kafin sanyi ya shigo. Mutuwar farat ɗaya kuwa a kai rahoto, don murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a ƙasar nan a 2006.

Saura maganar zuciya. Wadda ta ciyar da kaza tun tana tsako, ta san halinta, ba abin kunya ba ne in ta yi hawaye. Maigida kada ya yi dariya, kada kuma ya huce a kan yaron da ya manta da sakata; a nuna masa ramin, a gyara tare, gobe ba zai manta ba. Mu ce Allah ya mayar da alheri, gama haƙuri wajibi ne. Amma malamanmu sun koya mana tawakkali yana tafiya tare da ƙoƙari, bai kamata mu kira sakacinmu ƙaddara ba. Kuma jaje da baki kaɗai bai cika zumunci ba. Akwai al'adarmu ta ba da sagara kiwo a raba 'ya'ya. Maƙwabta 3 in kowa ya ba da guda, kafin shekara ta kewayo gidan ya farfaɗo.

Roƙonmu ga malaman makaranta shi ne, kowace makarantar ƙauye ta gina akurki guda irin wanda muka faɗa, yara su gina da hannunsu. Cikinsa akwai darasin awo, da lissafi, da tsabta, da riƙon amana. A ba su littafi su riƙa rubuta ƙwai nawa a ka samu, nawa suka ƙyanƙyashe, nawa suka mutu, mene ne sanadi. Ku kuma akawuna, da ku ka saba da ajiye lissafin dukiyar hukuma, ku ajiye na gidajenku, ku ware ɗan abu daga albashi ku saya wa iyali raga da sakata. Abin da talaka ya gani a gidan ma'aikaci ya fi shiga kunnensa bisa ga abin da ya ji a taro.

Kafin mu bar ƙauyen nan, babban malami ya yi mana alkawari shi da 'yan aji 6 za su daɓe wa tsohuwar akurki ran Asabar, malamai kuma sun haɗa mata sagara 2. Muna fata mu ji irin wannan labari daga sauran makarantu. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ƙanana da manya, amin.